Yoga da Ciwon Damuwa: Ina Gaskiya, Ina Zuzutawa?

Mai ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa asibiti ya ce damuwa ce ta kawo shi ba. Abin da likita ya saba ji shi ne, "Likita, jikina ne duk ya mutu." Ko kai ya yi nauyi, ko ƙirji ya cushe, ko barci ya yanke tun ƙarfe uku na dare ya ƙi dawowa. A ɗibi jini a duba zazzaɓin cizon sauro, babu. A duba taifot, babu. A rubuta maganin ƙarin jini a sallame shi, bayan wata guda ya komo da kukan da ya zo da shi. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙananan asibitocin ƙasashe 14, ciki har da wata cibiya a Ibadan, wanda aka buga a 1999, ya gano cewa kashi 69 cikin ɗari na waɗanda aka samu da ciwon damuwa ba su kawo wa likita ƙarar komai ba sai ta jiki.

Tun da ta jiki ciwon yake fitowa, ba abin mamaki ba ne a yi tunanin bi masa ta jiki. A nan maganar yoga take shigowa, wato atisayen nan na Indiya da ya haɗa miƙa gaɓoɓi, sarrafa numfashi da tattara hankali wuri guda. Masu tallarta sun mai da ita kamar maganin mai lasifika a kasuwa, ƙulli ɗaya cuta arba'in. Masu ƙinta kuwa suna ganin ko dai wasan masu kuɗi ce, ko kuma bautar wani abu ce aka lulluɓe da sunan motsa jiki. A nawa ganin, tana taimako, taimakon nata matsakaici ne, kuma abubuwan da ke aiki a cikinta ba gadon Indiya kaɗai ba ne.

Amma wane ciwo ake nufi? Wanda aka yi wa rasuwa ko jarinsa ya karye dole ya shiga baƙin ciki, kuma wannan ba cuta ba ce. Likitoci suna fara kiran abin ciwo ne idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya zauna wa mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, tare da lalacewar barci, ƙin abinci ko cinsa fiye da kima, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci har da tunanin gara mutuwa. Akwai takardar tambayoyi tara, PHQ-9, da ake aunawa da ita, makinta daga 0 zuwa 27. Maki 5 zuwa 9 shi ne mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaici, daga 20 zuwa sama mai tsanani ƙwarai. Mai sauƙin nan shi ne na mutumin da har yanzu yana buɗe shagonsa, ko matar da har yanzu tana ɗora tukunya ta shirya yara makaranta, amma komai da jan jiki ake yinsa, hirar da a da take sa ta dariya yanzu surutu ce kawai a kunnenta. A kan wannan mataki maganarmu take, da wanda ya ɗara shi kaɗan.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya ƙiyasta masu wannan ciwo a Najeriya sun kai miliyan 7, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su cika 300 ba. Inda lissafi yake haka, duk abin da ba ya buƙatar kuɗi ko layin asibiti ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Yogar da ake gwadawa a asibitoci yau ba tsohuwar da ake zato ba ce. Littafin da ake ɗauka uwa a fannin, na wani malami Patanjali, ya haura shekara 1,500, ya ƙunshi gajerun jimloli kusan 195, amma uku kacal ne suka yi maganar yadda za a ajiye jiki. Babban abin da ya dame shi shi ne tsare zuciya daga yawo. Al-Biruni, masanin nan Musulmi, ya juya shi zuwa Larabci tun farkon ƙarni na 11. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ma yanayin jiki 15 kawai ya bayyana. Tsarin da muke gani a hotuna, na jerin miƙa da lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ya kankama ne a shekarun 1930 a fadar Maisur ta Indiya, a hannun wani malami Krishnamacharya, sannan almajiransa irin su B.K.S. Iyengar da Indra Devi suka kai shi Turai da Amurka. Masanin tarihi Mark Singleton, a littafinsa na 2010, ya kawo hujjojin cewa wani kaso na wannan tsari daga atisayen Turawa na wancan zamani aka aro shi. A 2014 Firaministan Indiya Narendra Modi ya kafa ma'aikata sukutum da yoga ke cikin aikinta, kuma a wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga. Wannan ya dace mai karatu ya riƙe shi: yoga tana da gwamnati a bayanta, tana da kasuwa ta biliyoyin daloli, don haka yabonta ba zai yi ƙaranci ba.

To me gwaji ya nuna?

Ɗaya daga cikin na farko da suka ja hankali an yi shi ne a NIMHANS, babbar cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Bangalor a Indiya, aka buga a 2000. Majinyata 45 masu ciwo mai nauyi aka raba uku. Bayan mako huɗu, kashi 93 na waɗanda aka yi wa jinyar lantarki sun samu sauƙi, kashi 73 na masu shan ƙwayar imipramine, sai kashi 67 na masu wani salon numfashi na yoga. Yoga ce ta ƙarshe, amma ba ta yi nisa da ƙwaya ba. Sai dai mutum 15 a kowane rukuni ba su isa a gina hukunci a kansu ba. A 2013 Holger Cramer da abokan aikinsa a Jamus suka tattara gwaje-gwaje 12 masu mutum 619, suka ga yoga ta fi a bar mutum a kan kulawar da ya saba samu, aƙalla na ɗan lokaci.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda bai yi wa yoga kara ba. Lisa Uebelacker da tawagarta a Amurka, a 2017, sun ɗauki mutum 122 da ke shan maganin damuwa amma ciwon bai sake su ba. Rabi aka sa su ajin yoga na mako 10, rabi kuma ajin koyar da kiwon lafiya, inda su ma za su fito daga gida, su zauna da mutane, malami ya kula da su. Da mako 10 ya cika, babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. Sai da aka ci gaba da bibiyarsu ne tazara ta fito: bayan wata shida, kashi 51 na 'yan yoga alamominsu sun ragu da rabi ko fiye, 'yan ɗaya ajin kuwa kashi 31.

Yanzu a ajiye wannan kusa da wani gwajin da aka yi a Boston aka buga a 2023, na yoga a ɗaki mai zafin maki 40 a ma'aunin Salshiyas (mutanen Sakkwato a watan Afrilu ba sai sun sayi na'urar ɗumama ɗaki ba). A can, kashi 59 na masu yoga alamominsu sun ragu da rabi, abokan gwaminsu kuwa kashi 6 kacal. Wanda ya ga 59 da 6 zai ce an gano maganin duniya. Amma su waye abokan gwamin? Mutane ne da aka ce su zauna a gida su jira layi ya zo kansu. Wanda aka ce ya jira ya san ba a yi masa komai ba, wanda aka sa a aji kuwa ya shiga da sa rai. Nan babbar matsalar binciken yoga take. A gwajin ƙwaya ana iya ba wani ta gaske, a ba wani ta bogi, babu wanda ya san tasa; amma ba yadda za a yi mutum ya yi awa guda yana miƙa a kan tabarma bai san yoga yake yi ba. Shi ya sa da zarar an ba ɗaya rukunin wani abin kirki su ma su yi, sai tazarar ta tsuke. Cramer ɗin nan dai ya taɓa duba gwaje-gwajen yoga 306 a kan cututtuka daban-daban, ya tarar kusan tara cikin goma sun kammala da yabo, kuma waɗanda aka yi a Indiya sun fi sauran yabon nesa ba kusa ba. Duk fannin da kusan kowane gwaji ke cin nasara a cikinsa, sai a yi hattara da shi.

Nazari mafi faɗi ya fito a mujallar BMJ a Fabrairun 2024, ƙarƙashin Michael Noetel na Jami'ar Queensland a Ostireliya: gwaje-gwaje 218, mutum 14,170, kowane irin motsa jiki. Tafiya a ƙafa ko sassarfa, yoga, da atisayen ƙarfafa tsoka duk sun rage alamomin damuwa daidai gwargwado, tafiya tana ɗan gaba, yoga na biye. Marubutan da kansu sun ce gwaji ɗaya tak daga ciki ne ya cika dukkan sharuɗɗan inganci. Amma sun lura da wani abu mai amfani: yoga da atisayen tsoka ne mutane suka fi jurewa ba su gudu ba. Hukumomin da ke tsara wa likitoci hanya ma a tsakiyar nan suka tsaya. Ƙa'idojin Kanada na 2016 sun sa motsa jiki a sahun farko ga ciwo mai sauƙi zuwa matsakaici, yoga kuwa a sahu na biyu, a matsayin ƙari a kan wata jinyar. Na Ingila na 2022 sun ce idan ciwon bai yi nauyi ba, kada likita ya yi saurin fara rubuta ƙwaya sai in majinyacin ne ya zaɓa; a fara gabatar masa da abubuwa irin su jinyar tattaunawa da motsa jiki cikin rukuni.

Ta yaya miƙa da numfashi za su taɓa ƙuncin zuciya? Ɓangaren numfashi ne aka fi fahimta. Jikin mutum yana da tsari biyu da ke aiki ba da saninsa ba, ɗaya na shirin gudu ko faɗa, ɗaya na hutu da narkar da abinci. Na biyun yana bi ne ta wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta sauka zuciya, huhu da hanji. Duk lokacin da ka shaƙi iska bugun zuciyarka na ɗan ƙaruwa, in ka fitar ya ɗan ragu. Kana iya sa yatsa a wuyan hannu ka ji. Idan aka rage saurin numfashi zuwa kamar sau shida a minti, aka kuma tsawaita fitarwa, sai tsarin hutu ya rinjaya. Wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, ya nuna a 2001 cewa masu jan carbin Katolika da masu maimaita kalmomin yoga duk numfashinsu yakan sauka zuwa kusan shidan nan a minti, kuma alamomin zuciya da jijiyoyinsu su gyaru iri ɗaya. Kalmomin sun sha bamban, addinan sun sha bamban, abin da ya haɗa su shi ne saurin numfashi.

Akwai kuma binciken Chris Streeter a Jami'ar Boston, wadda a 2010 ta gwama mako 12 na yoga da mako 12 na tafiya a ƙafa, ta ga masu yoga sun fi samun walwala, kuma hakan ya tafi tare da ƙaruwar wani sinadarin kwantar da ƙwaƙwalwa mai suna GABA. Mutum 34 ne, kuma lafiyarsu ƙalau, don haka alama ce kawai.

Ni dai na fi ba da ƙarfi ga dalilai biyu da ba su buƙatar na'ura. Na farko saƙar zuci. Mai damuwa yakan wuni yana saƙa da warwara a kan abu ɗaya: me ya sa na faɗi haka, me ya sa ni, ina zan sa kaina. Mutumin da ke tsaye a kan ƙafa ɗaya yana ƙirga numfashi ba shi da sararin wannan. In hankalinsa ya tafi, sai ya yi tangal-tangal. Minti ashirin ba tare da saƙar nan ba hutu ne na gaske, kuma da maimaici mutum yakan koyi kamo hankalinsa idan ya fara zamewa. Na biyu, ciwon damuwa yana cin abinci ne daga janyewa. Ka ji kasala ka ƙi fita, rashin fitar ya ƙara maka ƙunci, ƙuncin ya ƙara kasala. Akwai jinya sukutum da aka gina a kan katse wannan zagaye, ta hanyar sa mutum ya tsara ƙananan ayyuka ya yi su ko ransa bai so ba. Ajin da ke da rana da lokaci, da mutanen da za su tambaya in ba su gan ka ba, wannan aikin yake yi.

Saura maganar da ke ran mai karatu tun farko, wato addini. Ba mu kaɗai ta dama ba. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga, sannan Firaminista Abdullah Badawi ya bayyana cewa ana iya yinta in babu kirarin bauta a ciki. A farkon 2009 majalisar malaman Indunusiya ta raba abin biyu, ta haramta mai haɗe da ibadar Hindu, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. A Indiya kanta, da Musulmi suka yi ƙorafi a 2015, an cire jerin motsin da ake kira gaisuwar rana daga shirin bikin ranar yoga na farko. Kiristoci ma sun yi nasu: jihar Alabama ta Amurka ta hana ta a makarantun gwamnati daga 1993 har 2021, kuma da ta ɗage hanin sai ta ce ban da kirari. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Abin da za a iya cewa daga ɓangaren lafiya shi ne, motsi da numfashi da nutsuwa su ake zaton suna aikin, kuma ana iya ɗaukarsu a bar saura.

Wani zai ce ai mai salla sau biyar ba ya buƙatar wannan. Salla ibada ce, ba don motsa jiki ake yinta ba, kuma mutane masu tsananin riƙo da ita suna kamuwa da ciwon damuwa kamar yadda suke kamuwa da hawan jini. Ce wa irin wannan mutum imaninsa ne ya yi rauni ƙarin kaya ne a kan wanda dama ganin laifin kansa na cikin alamomin ciwonsa.

Idan tafiya a ƙafa ta yi daidai da yoga ko ma ta ɗara, don me za a wahalar da kai? Ga wanda zai iya fita ya taka na rabin awa da sauri, ya taka, babu abin da ya rasa. Amma ba kowa ke da wannan damar ba. Akwai matar da ba ta fita sai da dalili, akwai unguwar da fitar asuba ko ta dare ba ta da tabbas, akwai dattijon da gwiwa ta hana shi nisa, akwai kuma wanda ciwon ya sa haɗa ido da mutane a titi ya zame masa aiki. Waɗannan abin da suke buƙata bai wuce faɗin tabarma ɗaya ba.

Ga yadda abin yake a aikace. A shimfiɗa tabarma kafin rana ta yi zafi, ciki ba a cike ba. A tanƙwashe ƙafa a zauna, baya a miƙe, hannu ɗaya a kan cibiya. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu har hannun ya ɗaga, a sake ta a hankali ana ƙirga shida, a yi ta haka na minti biyar. Sai a durƙusa, tafin hannu da gwiwa a ƙasa, a gantsare baya lokacin shaƙa, a ƙudundune shi lokacin fitarwa. A miƙe tsaye a ɗaga hannuwa sama, a karkata dama, a karkata hagu. A tsaya a kan ƙafa ɗaya, bango na kusa saboda dafawa. A yi ruf da ciki a ɗaga ƙirji kaɗan da ƙarfin baya. Daga ƙarshe a kwanta rigingine, a saki jiki gaɓa bayan gaɓa tun daga yatsun ƙafa har muƙamuƙi, wanda sau da yawa sai a lokacin mutum zai gane tun safe a cije yake. Galibin gwaje-gwajen sun yi aji na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sau ɗaya ko biyu a mako, na mako 8 zuwa 12, kuma wani nazari daga Ostireliya a 2020 ya ga cewa yawan zama a mako yana tafiya da yawan sauƙi. Sai dai kusan duk a rukuni aka yi su, da malami a gaba. Mai yi shi kaɗai da bidiyon waya ya rasa wannan kaso, don haka ya fi kyau a jawo ƙanwa, maƙwabciya ko aboki, a sa lokaci, a riƙa tuna wa juna.

Hatsarinta ba shi da yawa. Nazarin gwaje-gwaje 94 a 2015 bai ga ta fi sauran motsa jiki jawo rauni ba. Duk da haka, mai hawan jini ko hawan jinin ido ya guji duk yanayin da kai ke ƙasa ƙafa na sama, mai juna biyu ta tambayi ma'aikaciyar awo tukuna, kuma salon numfashi mai sauri da ƙarfi yana iya kawo jiri ko tayar da faɗuwar gaba. Wanda ke shan maganin damuwa kada ya ajiye shi don ya fara yoga. Yanke irin waɗannan ƙwayoyi farat ɗaya yana da nasa wahalar, kuma ciwon na iya dawowa.

Akwai kuma inda maganar tabarma ba ta taso ba sam. Ƙarancin jini, matsalar ƙullutun maƙogwaro, da shan tiramadol ko kodin duk suna iya zuwa da kamannin ciwon damuwa, kuma kowanne da nasa maganin. Matar da duka ne ke sa ta ƙunci, ko magidancin da bashi ya hana barci, numfashi zai iya sassauta musu dare ɗaya, amma tushen yana nan. Wanda ya daina cin abinci, ko ya kasa tashi daga shimfiɗa, ko yake jin muryoyi, ko mai jegon da ta kasa kula da jaririnta, ko duk wanda ya fara tunanin kashe kansa, asibiti za a kai shi a ranar, ba gobe ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen wannan. Mai ciwo mai sauƙi ma, in ya yi mako shida zuwa takwas yana yi bil haƙƙi bai ga canji a barcinsa ko cin abincinsa ko sha'awarsa ga mutane ba, ya je ya ga likita, ya kuma gaya masa har da abin da ke cikin ransa, ba ciwon jiki kaɗai ba.